Kwikwiyo ruwa biyu a gidan da ke da ƙananan yara: a karɓa ko a bari?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga nan Maradi tana cewa: "Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai ƴaƴa uku, babban shekararsa 12, mai bi masa 7, autar kuma 3. Maigidana ɗan kasuwa ne da kan yi kwanaki a hanya, kuma a bana ɓarayi sun haura mana katanga sun kwashe awaki. Wani abokinsa ya yi mana tayin kwikwiyo ɗan mako shida, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuwa karen Jamus ne irin na ƴan sanda. Yara sun ƙwallafa rai a kansa, amma maƙwabta suna cewa kare ruwa biyu ba shi da tabbas, wata rana zai juya wa masu shi, kuma ba ya jure ciwo. Uwar mijina, wadda muke zaune tare, ta ce ba ta son kare a gidan da ake salla. Shin wannan kare zai dace da gidanmu?"

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Kasancewar kwikwiyon nan ruwa biyu ba aibi ba ne, kuma ba shi ne abin da ya kamata ya hana ki barci ba. Abubuwan da za su yanke hukunci a kan ko zai zama alheri ko masifa a gidanku su ne halin uwarsa, da yadda za a riƙe shi a watanni ukun farko na rayuwarsa, da allurar rigakafi, da kuma samun babban mutum guda da zai ɗauki nauyinsa kullum har tsawon shekara 10 zuwa 13 da kare irin wannan kan rayu. Idan waɗannan sun samu, kuma Hajiya, uwar mijinki, ta yarda da zuciya ɗaya, ku karɓe shi. Idan ɗaya ya rasa, ku bar shi wurin masu shi.

Maganar maƙwabta cewa gaurayen jini yana haifar da ha'inci ba ta da tushe. A shekarar 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan karnuka fiye da 18,000, kuma abin da aka gano shi ne cewa jinsin kare bai bayyana fiye da kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare ba. Ma'ana, sanin cewa uban karen Jamus ne ba zai faɗa miki ko ɗan zai zama mai haƙuri da yara ba, haka kuma sanin cewa uwar ta gida ce ba zai faɗa miki ko zai zama mai cizo ba. Abin da jini ke bayarwa karkata ce kawai. An samar da karen Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 don kiwon tumaki, saboda haka yana da saurin koyo, yana manne wa mutanen gidansu, yana zargin baƙo, kuma yana shiga damuwa idan aka bar shi ba abin yi. Karnukanmu na gida sun fi shi juriyar zafi da yunwa, sun fi shi dogaro da kansu, kuma da yawansu, musamman masu dogayen ƙafafu da siririn ciki da suka yi kama da karen Azawak na Buzaye, suna da son bin duk abin da ya ruga a gabansu. Kwikwiyon zai iya ɗauko kowane ɓangare da yawa ko kaɗan, kuma ƴan ciki ɗaya ma sukan bambanta da juna ƙwarai.

Don haka kafin ku ce komai, ki roƙi maigidanki ya kai ki gidan abokin nasa ki ga uwar da idonki. Karya mai shayarwa takan yi haushi idan baƙo ya shigo, wannan ba laifi ba ne. Abin lura shi ne abin da take yi bayan mai gidan ya yi mata magana. Idan ta sassauta, ta sunsuna hannunki, ta koma ta kwanta tana kallonku ba tare da ta sandare ba, to wannan alama ce mai kyau. Idan kuwa ta maƙale a lungu tana rawar jiki da wutsiya tsakanin ƙafafu, ko ta ci gaba da gurnani tana bayyana haƙora har mai ita ya kasa kusantarta, to ki yi hattara, domin tsoro yana bin jini kuma ƴaƴa suna koyonsa daga uwa, kuma kare matsoraci ya fi kare mai ƙarfin hali saurin cizo. Sannan ki durƙusa ki tafa hannu a hankali ki ga yadda ƴan kwikwiyon za su yi. Wanda ya taho yana kaɗa wutsiya, ya bari kika ɗaga shi, ya ɗan motsa sannan ya natsu a hannunki, shi ne irin wanda gida mai yara ke buƙata. Wanda ya tsere ya ɓuya, da wanda ke danne ƴan'uwansa yana cizonsu ba sassauci, duka biyun sun fi ƙarfin gidan da bai taɓa riƙe kare ba. Ki duba idanunsa ko suna zubar da kwantsa, ki duba ciki ko ya kumbura alhali haƙarƙari a waje, ki buɗe baki ki ga dasashi ko ja ne mai kyau ko ya yi fari.

Mako shida ya yi wuri. A bar shi wurin uwarsa har ya cika mako takwas, saboda a waɗannan kwanakin ne yake koyon sassauta baki: idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, ɗan'uwan ya yi ƙara ya daina wasa, idan ya dami uwarsa ta tsawata masa. Kwikwiyon da aka raba da uwa da wuri yakan taso bai san iyakar haƙoransa ba, kuma yaranki ne za su ɗanɗana.

Daga mako na 3 zuwa kusan na 12 ko 14 ne kwikwiyo yake tantance abin da yake na yau da kullum da abin da yake abin tsoro, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan ne ya kamata ki dubi yanayin gidanmu na Hausa da kyau, domin gidanmu ba rufaffe ba ne. Almajiri yana tsayawa a ƙofa da kwanonsa, ƴar talla tana shigowa da faranti a ka, mai ruwa yana turo kura, maƙwabciya tana yin sallama ta wuce tsakar gida ba tare da ta jira an amsa ba, ranar suna ko biki kuwa gida yana cika da mata da yara. Karen da zai zauna a irin wannan gida dole ya san duk waɗannan tun yana ƙarami, ya gan su a natse, yana riƙe a hannun wani, ana ba shi ɗan abinci idan ya kwantar da hankali. Haka za a yi masa da awaki da kaji: a riƙe shi da igiya a kusa da su kullum na ɗan lokaci, idan ya yunƙura zai bi su a dakatar da shi da murya ɗaya wadda kowa a gidan ya sani, idan ya bar su a yaba masa. Karen da aka kawo don tsaron awaki zai iya zama shi ne mai kashe ƴaƴansu idan aka yi sakaci da wannan.

Akwai al'adar da nake roƙonki da ki guje mata ko da wa ya ba ki shawararta, wato ɗaure kare da gajeriyar sarƙa wuni guda, ko kulle shi a ɗaki mai duhu, ko barin sa da yunwa, ko dukansa, wai don ya yi zafi. Lalle zai yi zafi, amma zafin da ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabta, kuma irin waɗannan karnukan ne ake ba da labarin sun juya wa masu su, sai a ɗora laifin a kan jini. Abin da kuke buƙata a wurin kare shi ne ya ji motsi a bayan katanga cikin dare ya yi haushi ya tashe ku da maƙwabta, kuma wannan zai yi shi da kansa idan ya girma ba tare da an koya masa mugunta ba. Ɓarawon awaki yana neman gidan da zai shiga shiru, haushi kaɗai ya isa ya sauya masa shawara. A kewaye masa wani sashe na tsakar gida mai faɗi inda zai iya zagayawa da rana, a sake shi a cikin gida da dare bayan an rufe ƙofa, kuma a fita da shi da igiya da sassafe ko bayan la'asar sakaliya ya motsa jiki.

Game da yara, babban naki zai iya taimakawa da ba da abinci da ruwa, mai shekara 7 zai iya wasa da shi a gaban babba, amma autarki kada a bar ta ita kaɗai da karen ko na minti ɗaya, komai kyawun halinsa. Yawancin yaran da kare ke ciza, karen da suka sani ne ke cizonsu, kuma saboda gajartarsu cizon yakan sauka a fuska ko a kai. Ki kafa doka cewa ba a taɓa shi yana cin abinci, ba a tashe shi daga barci, ba a jan kunnensa ko wutsiyarsa, ba a hawa bayansa, kuma ba a jifansa, sannan ki faɗa wa ƴaƴan maƙwabta wannan dokar da bakinki. Idan kika ga ya sandare, ya kwantar da kunnuwa baya, yana kawar da kai yana lasar baki, ko ya yi gurnani, to yana cewa a ba shi wuri ne. A janye yaron, kada a doki karen saboda gurnanin, domin karen da aka hana gurnani yakan koyi cizo ba gargaɗi.

Batun lafiya kuma, maƙwabtanki sun juya gaskiya. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba bayanan karnuka fiye da 27,000 a wani bincike da aka buga a 2013, kuma daga cikin cututtukan gado 24 da aka duba, 10 sun fi yawa a karnuka masu tsantsar jini, 13 ba a ga bambanci ba, guda ɗaya tak ya fi yawa a gauraye. Saboda haka gaurayen jini yana rage wasu haɗurra, ko da yake bai kawar da su duka ba. Karen Jamus an san shi da lalurar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kuma ɗansa zai iya gadonta. Idan kwikwiyon ya tasa kika ga yana wahalar tashi daga kwance ko yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle da su tare idan yana gudu, a kai shi a duba. Kada a bari ya yi ƙiba, domin nauyi yana ƙara lalurar. Abu na biyu da zai iya gada shi ne gashi mai kauri, kuma kin san yadda Afrilu da Mayu suke a Maradi, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, saboda haka ɗakin kwano da rana tsaka zai iya kashe shi. Inuwar bedi ko rumfar zana mai shan iska, da ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, su ne wurin zamansa.

Abin da ya fi kashe ƴan kwikwiyo a ƙasashenmu ba cutar gado ba ce, cututtuka ne masu yaɗuwa da allura ke hanawa, musamman cutar fabo mai sa amai da zawo da jini, wadda kan kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki, da cutar da ke farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Ana fara allurarsu tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16. Kafin ya kammala, kada a bar shi ya taka inda karnukan titi ke bahaya. Ku je ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai lasisi, ku nemi a buɗe masa katin allura da kwanan wata da hatimi, kuma ku tabbatar maganin daga firiji aka ciro shi, domin allurar da ta sha zafi a jakar mai yawo ba ta da amfani.

Allurar da ba sassauci a kanta ita ce ta ciwon haukan kare, wadda ake yi idan ya cika wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta, galibi duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare suke kamuwa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira, amma ana iya hana ta gaba ɗaya idan aka yi gaggawa bayan cizo. Ina so ki haddace wannan ko kun karɓi kwikwiyon ko ba ku karɓa ba, saboda karnukan titi suna nan: duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, a wanke wurin da ruwa mai gudana da sabulu na tsawon minti 15 cikakku, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tafi asibiti a ranar don a fara allurar rigakafi. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a ɗora gashin karen a kan ciwon, kada a jira a ga ko zai kumbura, domin cutar kan ɓoye wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara, bayan ciwon ya warke sarai. Karen da ya yi cizon kuma a tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Ki koya wa yaranki cewa duk wanda kare ya taɓa da haƙori ya faɗa nan take ba za a yi masa faɗa ba, domin yara da yawa tsoron duka ne ke sa su ɓoye.

Tsutsar ciki ma tana wucewa daga kare zuwa yaro mai wasa da ƙasa, don haka a ba shi maganinta duk mako biyu har ya cika wata uku, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku, a kuma kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu kafin cin abinci. Ranar layya ko duk lokacin da aka yi yanka a gida, kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta, musamman wanda aka ga ƙullutu mai ruwa a jikinsa, saboda ta nan kare ke ɗaukar wata tsutsa da ƙwayayenta ke haifar wa mutum ƙullutu a hanta ko a huhu. Kaska tana sa masa zazzaɓi da ƙarancin jini, a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, a sayi maganin da aka yi don kare. Kada a yi masa wanka da maganin feshin gona, kada kuma a ba shi maganin ciwon kai ko na ciwon jiki na mutane, domin suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Ki yi lissafin abinci tun yanzu. Karen Jamus yakan kai kilo 22 zuwa 40, ɗansa kuma mai yiwuwa ya fi karnukan unguwa girma. Ragowar tuwo kaɗai ba za ta gina ƙashin kwikwiyo mai saurin girma ba, sai an haɗa da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, sau uku ko huɗu a rana yana ƙarami, sau biyu idan ya girma. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, saboda haka a cire masa rabonsa kafin a zuba miya, kuma dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Idan wannan kuɗin, tare da na allura, zai taɓa abincin yaranki, to amsar ta fito.

Saura maganar Hajiya, kuma ba ƙaramar magana ba ce, domin abin da ta faɗa yana da asali. Ya inganta a hadisi cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron dabbobi da gona idan akwai buƙata ta gaskiya, ku kuma kuna da awakin da aka riga aka sace. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ana dai wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai don bin umarni, yayin da wasu mazhabobin suke ɗaukar yawunsa najasa. Kada ki zama ke ce za ki kai mata wannan bayani kamar mai jayayya da uwar mijinki. Maigidanki ne ya dace ya zauna da ita, in ya yiwu tare da malamin da ita kanta take girmamawa, ya tabbatar mata cewa karen na tsaro ne, ba zai shiga ɗakuna ba, ba zai kusanci wurin salla da randar ruwa da madafa ba, kuma yana da kwanonsa daban. Idan bayan haka ta ce ranta bai kwanta ba, ku haƙura. Gidan nata ne kamar yadda yake naku, kuma karen da tsohuwar gida ke ƙi ƙarshensa sarƙa a bayan gida, wanda shi ne ainihin abin da na gargaɗe ki a kai, ga kuma hakkin dabba da za a tambaye ku.

Tun da maigidanki matafiyi ne, ki sani cewa nauyin zai faɗo a kanki, domin ɗokin yara ba ya wuce ƴan makonni. Ki tambayi kanki ko kina da lokaci da zuciyar yin wannan aiki kullum. Ki kuma tambayi likitan dabbobi lokacin da ya dace a yi masa fiɗiya, saboda kare namiji da ba a yi wa ba yana haura katanga ya bi karya, ya dawo da raunuka da cututtuka, mace kuma takan haifi ƴaƴa da yawa bayan kwana 63 da barbara, ba ku da inda za ku kai su.

Kuna da mako biyu kafin kwikwiyon ya isa rabuwa da uwarsa. A cikinsu ki je ki ga uwar, maigidanki ya yi magana da Hajiya, ku tambayi kuɗin allurai, ku gyara wurin da zai zauna, kuma kada a yi wa yara alkawari kafin a gama waɗannan. Idan abin bai yiwu ba, ku sanar da abokin da wuri don ya nema wa kwikwiyon wani gida, ku kuma ku ƙara tsayin katanga, ku sa wa turken awaki ƙofa mai kwaɗo da fitila mai aiki da hasken rana, ku shiga cikin tsarin sintirin unguwa idan akwai shi. Allah ya tsare ku da iyalinku.